Katin da ake shiga da shi daga kujerar farko a foka ta mutum shida

A teburin Texas Hold'em (nau'in wasan kati na foka da ake raba wa kowa kati biyu) na mutum shida, mai kujerar farko, wato wanda ke fara magana bayan an raba kati, yana da mutum biyar a bayansa, kuma sau da yawa shi zai fara magana har ƙarshen zagaye. Don haka ka takaita: kusan kashi 15 zuwa 18 cikin 100 na hannuwa (kati biyun da aka raba maka) kawai.

Ga manyansu (A, K, Q da J su ne manyan katuna, A ne kan gaba): tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, daga 77 zuwa AA, shiga ba shakka. AK da AQ ma haka, gida ɗaya (alama iri ɗaya) ko daban. Idan gida ɗaya ne, ƙara AJ, A10, KQ, KJ, QJ da J10. A5 da A4 'yan gida ɗaya sun fi yadda ake raina su, domin suna iya haɗa jeri (kati biyar masu bin juna) ko kati biyar 'yan gida ɗaya mafi ƙarfi.

Inda ake asara shi ne KJ, Q10 da A9 na gida daban. Suna da kyan gani, amma wanda zai bi ka sau da yawa irin su AJ ko KQ yake riƙe da su. Sai ku haɗa tagwaye ɗaya, katinsa na gefe ya doke naka, kuɗinka ya tafi. Zubar da su.

Ƙananan tagwaye, 22 zuwa 66, suna samun na ukunsu a katin uku na farko da ake buɗewa a tebur kusan sau ɗaya cikin takwas. Sai jarin kowa ya kai ninki 100 na babban kuɗin dole (kuɗin da ake sakawa kafin a raba kati) suke da riba.

Kada ka shiga da biyan kuɗin dole kawai. Ƙara zuwa ninki 2.5 na babban kuɗin dole, da hannu mai ƙarfi ko matsakaici, don kada a karanta ka.