Yadda za ka bi sawun doka daga Yamai har ƙofar likita

Ɗiyar ƙanwata ta shigo mini da hantsi, goye da ɗanta mai shekara 2, jikinsa rau da zazzaɓi. A likitar unguwarsu an duba shi ba a karɓi ko dala ba, sai dai an miƙo mata takardar magani na jika huɗu, aka ce ta je ta saya, nasu ya ƙare. Ta ce, "Kawu, ba an ce yara kyauta ne ba?" Na ce, "Ɗiyata, ba ƙarya aka yi miki ba, amma zauna in gaya miki inda kyautar ta maƙale." Shekaru na yi ina rubuta takardun haihuwa a ma'aikatar magajin gari nan Damagaram, kuma abin da na faɗa mata shi nake faɗa wa duk wanda ya zo mini da "an ce a rediyo".

Fara da tambayar wace irin takarda ce. Sanarwar taron majalisar ministoci da kake ji a Muryar Sahel ba kullum ba ne take zama doka nan take. Zamanin da akwai majalisar dokoki mai kujeru 171, gwamnati kan aika ƙudiri, kwamiti ya tankaɗe shi, 'yan majalisa su kaɗa ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu. Tun 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka karɓi mulki aka jingine tsarin mulkin 2010, wannan doguwar hanya ta rufe. Yanzu ordonansi ne, shugaban ƙasa ke sa hannu ya zama doka. (Kada ka rikita shi da ordonansin da likita ke rubuta maka, sunan ne kawai ɗaya.) To ka nemi abu uku ka rubuta: irin takardar, lambarta, da ranar da aka sa mata hannu. Jaridar Le Sahel na buga sakamakon taron ministoci, cikakken rubutun kuma yana fitowa a jaridar dokoki ta hukuma. Ma'aikaci yakan gyara zama in ya ji ka ambaci lamba.

Daga nan sai ka bincika ko an haifa wa dokar 'ya'ya. Doka takan faɗi magana a dunƙule, takardun zartar da ita, wato dekire na gwamnati da arete na minista, su ke cewa wa zai yi me, a wane ofis, daga yaushe. Ko an fitar da su ma, sai hukuma ta ga dama ta motsa. Dokar hana safarar baƙin haure an yi ta a watan Mayun 2015, amma sai wajen tsakiyar 2016 aka fara kama direbobi da motocinsu a Agadas. Ita ɗin ce kuma aka soke da ordonansi guda a Nuwamban 2023. Mutanenmu masu bin hanyar arewa sun ga zuwanta, sun ga tafiyarta.

Sai kuɗi, kuma nan ne maganar ɗiyata take. Zamanin Tandja Mamadou aka mai da fiɗar haihuwa kyauta a 2005, a 2006 aka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Tsarin shi ne likita ta yi aikin, ta cika takardu, ta aika, gwamnati ta biya daga baya. To biyan ne ya riƙa jinkiri, bashi ya taru shekara bisa shekara. Likitar da ba a mayar mata da kuɗinta ba, da me za ta sayo magani? Sai kantar magani ta bushe, a duba yaro kyauta a tura uwarsa kasuwa. Ni a ganina duk dokar da ba a yanka mata rabonta a kasafin kuɗin shekara ba, alkawari ce kawai da hatimi a kai. Saboda haka in aka ce babu magani, kada ka tsaya cacar baki da wanda ke bakin taga, ba shi ya ci ba. Nemi majo, wato shugaban likitar, ka tambaye shi cikin ladabi: wane ɓangare ne kyauta, wane ne ba ya ciki? In ka biya, karɓi rasit, ka ajiye shi cikin karnen yaro.

Wasu dokokin kuma wa'adi gare su, ka san shi. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a rubuta haihuwa. Wanda ya bari suka wuce, sai ya bi ta kotu. Iyaye nawa na gani sun zo a guje saboda za a sa yaro lakwal!

Ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ita ma ta canza da canjin mulki. Da, kana iya tare kansilan unguwarku a wurin suna ko jana'iza, ka tuna masa ƙuri'arka. A Afrilun 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙon ƙwarya. Wanda aka naɗa sama yake kallo, don haka takarda ta fi baki aiki a wurinsa. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku bi ta hannun mai unguwa, ku rubuta abin da ya faru da rana da adadin kuɗi, ku sa lambar dokar a layin farko. Ku yi kofi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da shi gida. In shiru ta yi yawa, akwai gidajen rediyon gari, akwai fadar Sarkin Damagaram, inda har gobe magana ke da nauyi.

Ɗiyata dai ta sayi maganin a ranar, don zazzaɓi ba ya jiran Yamai. Rasit ɗin yana wurina, na haɗa shi da na wasu mata uku na layinsu, ranar Litinin za mu je wurin mai unguwa.