Yadda na kawar da ƙarar "ƙas" daga kiɗan da ke zagayawa a samfula

Kwana biyu na yi ina fama da kiɗan kalangu da na ɗauka a samfula, wato na'urar da ke ɗaukar guntun sauti ta riƙa maimaita shi. Duk lokacin da ya kai ƙarshe zai koma farko, sai in ji "ƙas", kuma bayan zagaye kamar takwas sai ya riga sauran kiɗan.

Ashe matsaloli biyu ne. Da kunne na yanke shi, sai tsawonsa ya gaza. Kiɗan yana tafiya bugu 90 a minti, na'urar kuma tana ɗaukar ɗigon sauti (ƙananan gutsattsarin da take rarraba sauti a kansu) 44,100 a daƙiƙa, don haka kowane bugu ɗigo 29,400 ne, bugu huɗu kuwa 117,600. Na sa wannan adadin daidai, tseren ya ƙare.

Ƙarar ce ta fi ba ni wahala. Na faɗaɗa hoton igiyar sautin a allon, sai na ga a ƙarshen na yanke ta tana can sama, farkon kuma yana ƙasa da layin tsakiya. Lasifika takan yi tsalle nan take tsakanin wuraren biyu, tsallen nan ne "ƙas" ɗin. Na matsar da farkon zuwa inda igiyar ke ratsa sifili, wato layin tsakiyar, na matsar da ƙarshen da adadi iri ɗaya don kada tsawon ya canja.

Saura amon kalangun, wanda nake so ƙwarai, yana yankewa. Na sake ɗauka zagaye biyu, na zaɓi na biyu, don amon bugun ƙarshe ya riga ya shigo cikin farkonsa. Yanzu ko da abin kunne ban gane mahaɗin.