Yadda Ake Kafa Zama Cikin Jirgin Ruwa Mai Filafilai a Sabuwar Tasha: Misalin Mindelo

Mindelo gari ne a tsibirin São Vicente na ƙasar Cape Verde, yamma da gaɓar Senegal. Nan ne jiragen da suka taso daga tsibiran Kanari sukan yada zango daga Nuwamba zuwa Janairu kafin su ƙetara tekun Atlantika. Wasu kwana uku suke yi, wasu wata da watanni. In zama ya kawo ka, makon farko yana da tsari, kuma tsallake mataki ɗaya yakan ja asara.

Ka daidaita tafiyarka ka shiga da rana, domin akwai matattun jirage a cikin mashigin tekun da ke gaban garin, waɗanda ba sa kunna fitila. Kafin ka ƙaraso ka ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar ba a tantance ka ba tukuna, ka tanadi ƙaramar tutar Cape Verde da za ta maye gurbinta a gefen dama na jigon jirgi.

Anka ita ce harsashin gidanka

Anka ita ce ƙarfen da ake saukewa da sarƙa zuwa ƙasan teku don ya riƙe jirgi wuri ɗaya. A nan ya kamata ka ɓata lokaci. Iskar arewa maso gabas tana matsowa tsakanin São Vicente da tsibirin Santo Antão da ke maƙwabtaka da shi, tana kuma gangarowa daga duwatsu, ta bugo mashigin da ƙarfin da kan wuce kilomita 50 a awa. Ankar da ba ta kama da kyau ba, da tsakar dare za ta nuna halinta.

Ka auna zurfin ruwa, ka ƙara tsayin goshin jirgi daga ruwa, ka ƙara abin da teku zai cika. A ce zurfin mita 5 ne, goshi mita 1 da rabi, cikowa mita 1: mita 7 da rabi ke nan. Ka ninka sau biyar, ka saki sarƙa kusan mita 40. Dalili kuwa, anka tana riƙo ne in ana jan ta a kwance. Gajeriyar sarƙa sama take jan ta, sai ta tumɓuke.

Kada ka zubar da sarƙar tsibi guda a kan ankar. Ka fuskanci iska, ka sauke ankar har ta taɓa ƙasa, sannan ka riƙa sakin sarƙa a hankali yayin da jirgi ke ja da baya. Bayan ta miƙe, ka sa injin a ribas, ka ƙara wuta sannu a hankali na minti biyu. Ɗora hannu a kan sarƙar: in tana karkarwa tana tsalle, ankar jan ƙasa take yi, ka ɗage ka sake. Ka jera abu biyu a tudu da ido, kamar gini da tsaunin bayansa. In sun tsaya yadda suke, ka zauna.

Saura abu ɗaya da mutane ke rainawa. Ka maƙala igiyar nailan mai tsawon mita 8 zuwa 10 a jikin sarƙar, ka ɗaure ta a goshin jirgi, ka sassauta sarƙar har nauyin ya koma kan igiyar. Sarƙa ba ta ƙara tsawo in an ja ta, nailan yana ƙarawa, shi ke shanye fizgar iska. Inda igiyar ke gogar ƙarfe ka zura mata guntun tiyo, in ba haka ba dare ɗaya ya isa ta cinye. Da magariba ka kunna farar fitilar da ake gani ta kowace fuska.

Takardu

Kyaftin ne kaɗai ke sauka tukuna. Ya tafi da fasfo na kowa, takardar rajistar jirgi, inshora, jerin sunayen mutanen ciki, da takardar sallama daga tashar da aka baro. A Mindelo ofis biyu ne, na shige da fice da na 'yan sandan ruwa, duk a wajen babbar tashar. An saba riƙe takardar jirgi ta asali har ranar tashi, don haka ka yi kwafi da yawa. Ko tsibiri za ka sauya a cikin ƙasar, sai ka sanar. A sa riga da wando na mutunci, a fara da gaisuwa cikin Fotugis ko da kalma biyu ce. Kuɗinsu eskudo ne, an ɗaure shi da yuro, kusan 110 a yuro ɗaya.

Ruwa da wuta

São Vicente ba ta da ruwan sama sosai, ruwan famfonta daga teku ake tacewa, saboda haka da lita ake sayar maka. Mai tsimi yakan ci lita 10 zuwa 15 a rana, uku a ciki na sha. Wanke kwanuka da ruwan teku, ɗauraya da mai daɗi. Ga tanki, cokalin shayi ɗaya na bilic marar ƙamshi ya ishi lita 100, a jira rabin awa kafin a sha. Amma fa bilic yana cin tankin alminiyam, yana kuma lalata matatar injin cire gishiri daga ruwan teku. Shi kansa injin kada ka kunna shi cikin tasha, man da ke yawo a kan ruwa zai toshe shi.

Firji ne babban mai cin wuta a ƙasar zafi, yakan sha amfiya-awa (ma'aunin wutar da ake ja daga batir) 40 zuwa 60 a rana. Faranten sola na wat 300 suna iya mayar da 80 zuwa 100 in sararin sama garau yake. Sai dai ƙurar hunturu, wannan dai da ke rufe Kano da Damagaram, tana isa har tsibiran nan daga Disamba zuwa Fabrairu. Tana haɗuwa da gishiri ta daskare a kan faranten, don haka goge su da tsumma mai laima kowace safiya. Batirin dalma kada ya sauka ƙasa da rabi, wato wajen bolt 12.2 in ba a jan komai, in ana so ya yi ƙarko.

Tukunyar gas tana zama a akwatinta mai ramin zuba waje. Gas ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya, can ƙasan cikin jirgi yake taruwa yana jiran tartsatsi. Rufe shi daga kan tukunyar gas ɗin bayan kowane girki.

Abin da ke shigowa ba gayyata

Kwali ba ya hawa jirgi. A cikin lungunansa kyankyaso ke ajiye ƙwai, kuma in ya yi gida a bayan katako, korarsa aikin watanni ne. A zazzage kaya tun a bakin gaɓa, a wanke ayaba da sauran kayan marmari, a juye shinkafa da fulawa cikin robobi masu murfi. A Janairun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Cape Verde ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, amma akwai zazzaɓin dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo. A sa raga a kowace taga.

Ka kafa rumfar tampol a kan jirgi, ka rufe filafilai, don rana tana cinye zarensu. Bar ƙofofin kabad a buɗe iska ta ratsa, kada tufafi su yi fumfuna. Ƙaramin kwalekwalenka shi ne ƙafarka zuwa gari: sarƙa da kwaɗo a gaɓa, da dare a ɗage shi daga ruwa tare da injinsa.

Ƙarƙashin jirgi kuma, ruwan ɗumi yana haifar da gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo cikin sauri. Duk mako biyu ko uku a nutsa a kankare farfela da ramin da injin ke zuƙo ruwan sanyaya kansa. In ramin nan ya toshe, injin zai yi zafi cikin 'yan mintuna, galibi a daidai lokacin da anka ta saki ake neman sa. A duba guntun zinkin da ke kan sandar farfela, wanda ke cinyewa a madadin ƙarfen sandar. In ya cinye rabi, a sauya shi.