Yadda Majiyyaci Zai Nemi Bayani Kan Gwajin Magani Kafin Ya Amince Ya Shiga

Duk maganin da likita ya rubuta wa mutum a yau, sai da aka gwada shi a jikin wasu mutane kafin hukuma ta amince da shi. A ƙasar Hausa kuwa, da zarar an ambaci gwajin magani sai gaban mutane ya faɗi, kuma suna da hujja. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a Kano kan yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Sai dai a Kanon ne kuma aka gudanar da binciken da ya nuna cewa maganin hydroxyurea yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. Abin da majiyyaci yake buƙata shi ne ya iya rarrabe bincike na gaskiya da wanda ba shi ba.

Ka fara da likitan da yake duba ka. Ka tambaye shi kai tsaye ko akwai wani bincike da ake yi kan cutarka, domin likitoci da yawa ba sa ɗauko zancen da kansu saboda cunkoson marasa lafiya. Irin waɗannan bincike sun fi yawa a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Daga nan sai intanet. Shafin ClinicalTrials.gov na gwamnatin Amurka yana ɗauke da gwaje-gwaje daga ƙasashen duniya, akwai kuma rajistar Afirka mai suna PACTR. Ka rubuta sunan cutar da Turanci, ka zaɓi Najeriya ko Nijar, sannan ka duba waɗanda har yanzu ake ɗaukar mutane. Kowane gwaji yana da lambarsa, da sunan asibitin da ake yin sa, da sharuɗɗan shiga kamar shekaru da nau'in cutar. Abin takaici ne cewa bayanan duk da Turanci suke, don haka wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko wani ma'aikacin lafiya da ya yarda da shi ya karanta masa. Idan aka gayyace ka wani gwaji, ka nemi lambar rajistarsa da shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, wato kwamitin da ke kare haƙƙin masu shiga bincike, tare da izinin hukumar NAFDAC in a Najeriya ne. Mai bincike na gaskiya ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Inda ya fi kamata a nutsu shi ne takardar amincewa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a ranar da aka ba ka ita, sai dai in larura ce ta gaggawa. Ka tafi da ita gida, ka yi shawara da iyalinka da likitanka. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji, kuma idan ba ka iya karatu ba, dole a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken. Ka tambaya wane mataki gwajin yake, domin matakin farko ana yin sa ne da mutane kaɗan don a ga ko maganin yana cutarwa, mataki na uku kuwa ana kwatanta shi da maganin da aka saba bayarwa a jikin ɗaruruwa ko dubban mutane. Ka tambaya ko za a raba mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, domin mai yiwuwa ba sabon maganin za ka samu ba, wani lokaci ma ƙwaya ce wadda babu magani a cikinta. Ka tambayi illolin da aka riga aka sani, da yawan jinin da za a ɗiba da inda za a kai shi, da wanda zai ɗauki nauyin jinyarka idan maganin ya cutar da kai. Wannan tambaya ta ƙarshe, a ganina, ba a amsa ta da baki kawai, sai an nuna maka inda aka rubuta.

A kan biya masu shiga gwaji kuɗin mota da na ɓata lokaci, amma duk wanda ya nemi ka biya kafin ka shiga, ko ya yi maka alƙawarin waraka tabbas, ka yi nesa da shi. Idan yaro ne, iyayensa ne za su amince, kuma in ya yi wayo shi ma sai an nemi yardarsa.

Kana da ikon fita daga gwajin a duk ranar da ka ga dama, ba tare da an hana ka kulawar da aka saba ba ka a asibitin ba, sai dai ka sanar da likitan binciken tukuna, domin wasu magungunan ba a daina su farat ɗaya. Ka ajiye kwafin takardar da ka sa wa hannu, da lambar wayar kwamitin ɗa'a da ke jikinta, kuma tun ranar farko ka tambaya ta wace hanya za a sanar da kai sakamakon idan an kammala.