Mai ciki da allurar rigakafi lokacin annoba: ga yadda za ki bi

'Yan uwana mata na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, in annoba ta shigo gari kina da juna biyu, abu na farko kar ki yanke zuwa awo. A 2020 da aka kulle Kumasi da Accra sati uku saboda korona asibiti bai rufe ba, tsoro ne ya zaunar da wasu a gida, alhali can ne ake duba jininki da hawan jini da kwanciyar yaro, can ne kuma za ki ji abin da gwamnati ta yanke kan allura daga bakin midwaif, ba daga boyis ɗin WhatsApp da ba a san mai shi ba.

Toh ki fahimci wannan sosai don shi ke rikita mutane. Alluran korona sun sauka Accra ran 24 ga Fabrairu 2021, guda 600,000 na AstraZeneca ta COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe, Ghana ce ƙasar farko da ta samu ta wannan shirin, amma ba a sa masu ciki a layi ba saboda gwajin farko ba da su aka yi ba. Sai Janairun 2022 hukumar lafiya ta ƙasa, Ghana Health Service, ta ce masu ciki ma su karɓa, Pfizer ko Moderna. Nan aka fara cewa ai jiya sun hana yau sun yarda, akwai wata a ƙasa. Wallahi ni ban ga yaudara a nan ba, jira aka yi sai da mata masu ciki masu yawa a wasu ƙasashe suka karɓa aka ga lafiya lau, kuma aka ga korona ta fi kayar da mai ciki, tana iya kai ta ga oksijin ko ta jawo haihuwar bakwaini. Kenan dokar watan jiya ba lallai ita ce ta yau ba, ki riƙa tambaya duk zuwa.

Ranar da za ki, ko asibitin Manhyia ne ko na Tafo ko kilinik ɗin unguwa, ki ɗauki littafin awo da katin inshora. In katin ya mutu ki je ofishin inshorar lafiya, wato NHIS, da shaidar ciki, tun 2008 mai ciki ba ta biyan kuɗin shiga. Kafin ki miƙa hannu ki faɗa wa nas kina da ciki da watansa nawa, ko bai fito ba, na san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki amma nas ba surukarki ba ce, ki faɗa mata a hankali. Ki tambayi sunan allurar, ki ce wannan ta masu ciki ce? Don akwai waɗanda ba a cika yi wa mai ciki ba, kamar ta ƙyanda da ta shawara. In wata allura ta taɓa kumbura miki fuska ko ta toshe miki numfashi ki faɗa. An gama, ki zauna minti 15 tukuna, kuma ki tabbata an rubuta ranar da ranar dawowa.

Kar annoba ta mantar da ke allurar tetanus, wadda ke kare jariri daga ciwon da ke shiga ta cibiya ya sandarar da shi, ta farko a zuwan farko, ta biyu bayan sati huɗu, ta uku bayan wata shida, har su cika biyar. Ga maganin maleriya SP da ake sha gaban nas daga sati 16.

Ciwon hannu da kasala da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya biyu duk ana samu, ki sha ruwa da farasitamol, ban da ibuprofen da haɗin kemis. Amma in kin ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko yaro ya rage motsi, kar ki jira maigida ya dawo daga kasuwa, ki tari pragiya, wato keke mai taya uku, ko tasi ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.