Yadda za ki gane zoɓo mai kyau, tun daga kasuwa har cikin kofi

Duk azumi ina shan zoɓo a gidajen 'yan'uwa da maƙwabta a nan Bauchi, kuma abu ɗaya ne ke ci min rai: yawancinsa jan ruwan sukari ne kawai. An antaya filebo har ƙamshin zoɓon ya gudu. Ga shi kuwa abu ne mai araha, gwangwani biyu ya wadaci gida guda, in an bi shi a hankali ya fi lemon kwalba nesa ba kusa ba.

Daga kasuwa ake farawa. Ni kasuwar Muda Lawal nake zuwa bayan kaka, wajen Disamba ko Janairu, lokacin da sabo ya shigo kuma iskar hunturu ta busar da shi sarai. Ki ɗebi kaɗan a tafin hannu. Mai kyau ja ne wur har yana neman yin baƙi, kuma bai dagargaje ya zama gari ba. Ki sunsuna. In kin ji warin fumfuna, mayar wa mai shi kayansa. Wanda ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ya daɗe a buhu. Farin zoɓo kuwa ki bar wa miya.

Goggona da ta koya min takan ce, "Ke 'yar nan, ba a dafa zoɓo kamar wake." Ki ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi, da sauri, don yashi ya fita launin bai bi ruwa ba. Ki tafasa lita 4 na ruwa da dakakkiyar citta, kanumfari ƙwaya biyar ko shida, da wankakken ɓawon abarba. Sai ki sauke, ki zuba zoɓon, ki rufe, ki bar shi awa uku zuwa huɗu. Doguwar tafasa ita ke jawo bauri mai yawa. Kada ya kwana a tukunyar dalma, tsaminsa na cin ta, sai ki ji ɗanɗanon ƙarfe. Ki tace da rariya, ki sake tacewa da farin ƙyalle.

To, a nan ne akasarinmu muke garaje. Kafin sukari ya shiga, ki zuba kaɗan a kofin gilashi ki ɗaga shi wajen taga. Ya kamata haske ya ratsa shi, ja garau, babu gurɓata. Ki ɗan juya kofin ki kai hanci: ƙamshin zoɓon ne zai fara tarbar ki, citta na biye. In kanumfari ne ya riga kowa, ya yi yawa, gobe ki rage. Sannan ki kurɓi kaɗan, kada ki haɗiye nan take, ki bar shi ya zaga baki. Tsami zai fara tsinka miki yawu. Bayansa sai wani ɗan bauri mai ɗaure dasashi, ɗan'uwan na goro amma bai kai shi ba. Kin haɗiye, sai ɗumin citta ya tsaya a maƙogwaro. In ukun nan sun zo bi da bi, babu wanda ya danne wani, zoɓonki ya yi.

Yanzu ne za ki san sukarin da yake buƙata. Cokali-cokali, kina ɗanɗanawa. Ni na fi son mazarƙwaila ko jiƙaƙƙen dabino da aka markaɗa. In tsami ya yi yawa, ƙara ruwa. Wasu na jefa kanwa, ni dai ba na so, tana dusashe jan, ta kashe tsamin da saboda shi ake shan zoɓon.

Ya yi sanyi amma kada ya daskare, don tsananin sanyi na ɓoye ƙamshi, ƙanƙara kuma in ta narke salam take mayar da shi. Ki sha shi da abu mai maiƙo: masarmu ta Bauchi da zafinta da yajin ƙuli, ko tsire, ko ƙosai. Kowace kurɓa sai ta wanke bakin, lomar gaba ta zo kamar ta farko.

Zoɓo na ɗan saukar da hawan jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi na kullum. A firji kwana biyu zuwa uku yake yi lafiya. Idan kika buɗe gora kika ji ta yi "fus", kumfa na tasowa, ya fara juyawa ke nan, zubar da shi ki jiƙa sabo.