Yadda ake rage asarar abinci a ginin ofis mai 'yan haya da yawa don samun satifiket na kare muhalli

Masu ba da satifiket irin su LEED na Amurka ko BREEAM na Ingila ba ruwansu da cewa "ai mu bama zubar da abinci", lissafi suke so su gani a takarda. Akwai ma wani mai suna TRUE, shi sai kun nuna kashi 90 cikin 100 na shararku bai je bola ba kuma ba'a ƙona shi ba har tsawon wata 12.

To da farko manajan gini ya tara 'yan haya kaf, kowane kamfani ya ba da mutum ɗaya da zai kula da wannan aiki, don in hawa na biyu suna ƙoƙari na huɗu suna juye shinkafa a kwandon takardu aikin banza ake.

Sai a sayi sikeli a ba masu shara, kullum kafin a tashi su auna ragowar abincin kowane hawa su rubuta, ayi haka kamar sati biyu. Anan zaku gane inda ɓarnar take, kuma yawanci abincin mitin ne da wokshop, an gayyaci mutum 50 an yi odar tekawe 70 saboda kar aji kunya, 30 suka zo. Maganinsa a kira mai abinci da safen ranar bayan an tabbatar da masu zuwa, kuma in da hali a zuba a kula kowa ya ɗibi daidai cikinsa, ya fi tekawe nesa ba kusa ba.

Firij ɗin da kowa ke amfani da shi kuwa, duk roba a manna mata suna da kwanan wata, ranar Juma'a a kwashe komai, in ba haka ba, in aka ɗauke wuta a wikend, Litinin kowa ya toshe hanci.

Abincin da ba'a taɓa ba a miƙa wa masu gadi da direbobi da zafinsa, ba sai ya kwana ba. Ɓawon kankana da ayaba da kanzo a ware musu bokiti daban mai murfi, a samu mai kiwo ko mai yin taki ya riƙa zuwa ɗauka, amma fa ya sa hannu a kan kilo nawa ya ɗauka duk zuwa, wannan takardar ita masu duba ginin don ba da satifiket zasu tambaya.